Inshorar Mai Kwangilar Filastar Waje: Tambayoyi da Amsoshi

Filastar waje, wadda Amurkawa suke kira situko, tana cikin sana'o'in gini da kamfanonin inshora suke ɗari-ɗari da su. Ba wai masu sana'ar sun fi sauran magina sakaci ba ne. Abin da ya jawo haka shi ne aibin bango ba ya fitowa ranar da aka shafe shi. Sai an shekara biyar ko bakwai, ruwa ya gama ɓarnarsa a ɓoye, sannan takardar lauya ta iso. Yawancin bayanan da ke ƙasa a kan tsarin Amurka suke, domin can ne shari'o'in filasta suka fi yawa har suka sauya yadda ake rubuta takardun inshora, amma na taɓo wasu ƙasashe inda magana ta kai can.

Ni da hannuna nake aiki, ba ofis ba shago. Me zan yi da inshora?

Ba ofis ake yi wa inshorar ba, aikin ake yi wa. Ka duba yinin mai filasta ɗaya kawai. Yana can sama a kan dandamalin hawa, a ƙarƙashinsa mutane suna wucewa. Injin fesa siminti yana aiki, iska ta juya, feshin ya sauka a kan motar maƙwabci, kuma siminti in ya bushe a kan fenti ko gilashi ba ya fita salin-alin. Bokiti ya zame daga hawa na biyu. Tiyon ruwa ya kwana a buɗe a cikin gidan da aka gama shimfiɗa wa katako. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba sai ofis ba.

Ga kuma maganar samun aikin kanta. Babban ɗan kwangila ba ya barin ƙaramin ɗan kwangila ya shiga filin gini sai ya ga shaidar inshora, kuma jihohi da dama ba sa ba da lasisin sana'a ko sabunta shi sai da ita. Wanda ba shi da takarda, ƙananan gyare-gyare kawai zai riƙa samu.

Inshora iri nawa ake magana a kai?

Ginshiƙai huɗu ne. Akwai inshorar alhaki, wadda take biyan diyya idan aikinka ya ji wa wani ciwo ko ya lalata masa dukiya. Akwai inshorar diyyar ma'aikata, ta ciwon da yaranka za su ji a bakin aiki. Akwai ta motar aiki. Sai ta kayan aiki, wato injin kwaɓi, injin fesawa, ƙarafan dandamali da sauransu. A saman waɗannan ana iya ɗora wadda ake kira laima, mai ƙara yawan kuɗin da za a biya idan na ƙasa ya ƙare.

Ta farkon ce mai rikici, don haka ita za ta ci yawancin wannan shafi.

To me inshorar alhaki take biya, me kuma ba ta biya?

A nan ne mutane da yawa suke shan mamaki, kuma mamakin yakan zo ne a ranar da ba a so. Yawancin kamfanonin Amurka suna gina takardarsu a kan samfurin da hukumar ISO ta masu inshora ta tsara, mai lamba CG 00 01. Samfurin yana biyan rauni ga jikin mutum da ɓarna ga dukiyar wani, in dai abin ya faru ne ba da gangan ba. Yana kuma ɗaukar lauya ya kare ka, kuma a samfurin asali kuɗin lauya ba ya cin kuɗin diyya. Wannan babban abu ne, domin a shari'ar gini sau tari kuɗin kariya ya kan yi kusa da diyyar ko ma ya wuce ta.

Abin da ba ya biya shi ne sake aikinka da ka yi ba daidai ba. Ka ɗauka ka shafe bango, kwaɓin bai yi ba, bayan shekara biyu ya tsattsage, ruwa ya shiga ya ruɓar da katakon ciki, ya jiƙa allon ɗaki, ya lalata kafet. Katako da allo da kafet dukiyar wani ce da aikinka ya ɓata, wannan inshora tana iya ɗauka. Amma kankare filastar da sake shafa sabuwa, a bisa ƙa'ida daga aljihunka ne, saboda akwai togaciya a kan abin da takardar take kira aikinka. Kamfanin inshora yana ganin kansa mai kare ka daga tsautsayi, ba mai tsaya maka a kan ingancin hannunka ba.

Akwai wata 'yar ƙofa a cikin togaciyar. Idan ɓangaren da ya lalace wani ƙaramin ɗan kwangila ne ya yi maka shi, samfurin asali yana dawo da kariyar. Sai dai kamfanoni da yawa suna rufe ƙofar da ƙarin shafi mai lamba CG 22 94. Ka nemi lambar nan a takardarka.

Me ya sa duk maganar filasta sai ta koma kan ruwa?

Saboda filasta ba ta hana ruwa shiga gaba ɗaya, kuma ba a taɓa yin ta don haka ba. Ta gargajiya shafi uku ce: na farko da ake karcewa don na biyu ya kama, na biyu mai daidaita bango, sai na ƙarshe mai ado. Kaurinsu duka a kan ragar waya ya kan kai kashi 7 cikin 8 na inci. Siminti da yashi suna shan ruwa, kuma siminti yana tsukewa in yana bushewa, don haka 'yan tsage-tsage ba makawa. Abin da yake kare gidan katako shi ne abin da ke bayan filastar: takardar hana ruwa, faifan ƙarfe a kan tagogi da ƙofofi da mahaɗar rufi, da wani ƙarfe mai huji a gindin bango wanda ruwan da ya shiga yake bi ya fita. Ƙa'idar gini ta ce ƙarfen nan ya kasance aƙalla inci 4 sama da ƙasa, ko inci 2 sama da daɓe. Ƙa'idojin ASTM C926 da C1063 su ne suke bayanin yadda ake shafi da yadda ake kafa raga, kuma su ne injiniyan mai ƙara zai riƙe a hannu ranar shari'a.

Duk wanda ya taɓa tsayawa aka fasa bango a ƙarƙashin taga a gabansa ba ya mantawa. Daga waje fes, ko tabo babu. Ana ɓalle filastar sai wari ya bugo, takardar baya ta yi baƙi ƙirin, katakon kuwa kana taɓa shi da yatsa yana marmashewa kamar busasshen ganye. Wataƙila mai saka taga ne bai kafa faifan ƙarfe ba, ko mai rufi ya bar ruwa yana zuba cikin bango. Amma filasta ce a fuska, don haka mai filasta ne ake fara kira, kuma lauyan mai gida kowa yake haɗawa a ƙara, sai daga baya a rarrabe.

Ba a Amurka kaɗai abin ya faru ba. Birnin Bankuba na Kanada ya sha fama da gidajen bene masu yoyo a shekarun 1990 har gwamnatin lardin ta kafa kwamitin bincike a 1998. Niyu Zilan ma ta shiga irin wannan hali, rahoton da ya fito da girman matsalar ya fita a 2002. A duka wuraren biyu, bangon shafe marar hanyar fitar ruwa yana cikin manyan dalilai.

Na ga an rubuta EIFS a cikin abubuwan da aka cire daga takardata. Mene ne shi, kuma ya shafe ni?

EIFS wani salon rufe bango ne da ake manna allon soso mai hana zafi da sanyi, a shafa masa siririn kwaɓi da raga, sannan a yi shafin ado. Daga nesa ba ka bambanta shi da filastar siminti. A Jamus aka fara shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a kan bangon bulo da dutse, kamfanin Dryvit kuma ya kawo shi Amurka a 1969. Da aka fara manna shi a gidajen katako ba tare da hanyar fitar ruwa ba, sai duk ɗigon da ya shiga ya maƙale. A tsakiyar shekarun 1990 aka gano gidaje masu yawa da suka ruɓe ta ciki a yankin Wilminton na jihar Karolaina ta Arewa, ƙararraki suka biyo baya, kamfanonin inshora suka biya kuɗi mai yawa, suka ja da baya. Yanzu ana yin EIFS mai magudanar ruwa a baya, amma togaciyar ba ta tafi ba. Lambarta a samfurin ISO ita ce CG 21 86.

Ko ya shafe ka? Ƙwarai kuwa, ko da ba ka taɓa manna soso ba. Rubutun togaciyar yana da faɗi: bayan aikin EIFS kansa, yana cire duk aikin da ka yi a fuskar ginin ta waje idan an yi amfani da EIFS a ɓangaren ginin da aikinka yake. Ke nan kana iya shafa siminti zalla, wani ya manna soso a wannan ɓangaren na ginin, ka wayi gari ba ka da kariya a aikin da ka yi a wurin. Haka kuma adon soso da ake mannawa a gefen tagogi da saman bango, wanda masu filasta da yawa suke yi ba su ɗauke shi komai ba, wani kamfanin yana iya lissafa shi cikin EIFS. Ka tambayi dillalinka a rubuce, ya amsa maka a rubuce. Wasu kamfanonin ma sun faɗaɗa togaciyar da kansu har ta haɗiye filastar gargajiya. Mai filasta da ya sayi takardar da ta cire filasta, ya biya kuɗi ne kawai don ya samu abin nunawa a bakin ƙofar aiki.

Akwai wasu togaciyoyin da ya kamata in nema?

Akwai, kuma galibi a ƙarshen takarda suke, inda ido ya riga ya gaji. Wasu takardun suna cire aikin gidajen zama, ko gidajen bene da ake sayarwa ɗaki-ɗaki, ko rukunin gidaje da ya wuce wani adadi, saboda masu irin waɗannan gidaje sun fi haɗa kai su kai ƙara. Wasu suna iyakance tsayi, misali kada a wuce hawa uku. Fumfuna kusan ko'ina an cire ta, lambar ita ce CG 21 67, alhali ita ce abokiyar tafiyar ruwa. Akwai togaciyar aikin baya, wadda take cewa duk aikin da ka gama kafin ranar fara wannan takarda ba ruwansu da shi. Ita wannan tana da haɗari ƙwarai ga mai sauya kamfani kowace shekara yana neman rahusa.

Bayan na gama aiki an biya ni, har tsawon wane lokaci za a iya kai ni ƙara?

Ya danganta da jiha. Kowace tana da wa'adin da in ya wuce ba a sauraron ƙarar aibin gini. A Kalifoniya shekara 10 ne ga ɓoyayyen aibi. Fulorida ta rage nata daga 10 zuwa 7 a shekarar 2023. Saboda haka ɓangaren takardarka mai kula da aikin da aka kammala ya fi kowane muhimmanci a wannan sana'a, kuma yana da nasa adadin kuɗi daban da na aikin da ake cikin yi. Idan aka cire shi, ko aka sa masa wa'adin shekara biyu ko uku, to an cire zuciyar inshorar.

Ka kuma san irin takardar da ke hannunka. Akwai mai bin lokacin da ɓarna ta auku: idan ruwa ya ɓata katako a 2021, takardar 2021 ce za ta amsa ko da an kai ƙara a 2026. Akwai kuma mai bin lokacin da aka kawo ƙara: dole takardar ta kasance da rai ranar da ƙarar ta zo. Ga mai filasta ta farko ta fi, ba ko tantama. Kuma kada ka yar da tsofaffin takardunka. Ɓarnar ruwa a hankali take tafiya tana ratsa shekaru, wata rana takardar da ta shekara takwas a cikin akwati ita za ta ɗauki lauya.

Nawa ya kamata iyakar diyyar ta kasance?

Abin da aka fi nema a kwangiloli shi ne dala miliyan 1 a kan kowane hatsari, dala miliyan 2 jimilla a shekara, da wata miliyan 2 ta aikin da aka kammala. Manyan ayyuka suna neman laima a kai. Ka karanta kwangila kafin ka sa hannu, domin ita take faɗin adadin. Ka duba kuma kason da za ka fara biya daga aljihunka: a kan hatsari ɗaya ake lissafa shi, ko a kan kowane mai ƙara? Idan feshi ya sauka a kan mota goma sha biyu a rana ɗaya, bambancin ba kaɗan ba ne.

Yara biyu kawai nake da su, wani lokacin ma na kwana ɗaya ne. Dole in yi inshorar diyyar ma'aikata?

A yawancin jihohi, i. Teksas ce ta bar wa masu kamfani zaɓi, kuma can ma wanda ya ƙi yi ya buɗe wa kansa ƙofar ƙara kai tsaye. Fulorida tana neman ta a harkar gini daga ma'aikaci ɗaya. A jihohi huɗu, Ohayo, Washinton, Wayomin da Dakota ta Arewa, daga asusun gwamnatin jiha ake saya, ba daga kamfani ba. A Birtaniya ma dokar 1969 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata inshorar alhakinsu, yanzu ta aƙalla fam miliyan 5.

Ni dai ko doka ba ta tilasta ba zan ce a yi. Faɗowa daga sama ita ce kan gaba wajen kashe ma'aikatan gini a Amurka, mai filasta kuwa rabin rayuwarsa a sama take. Hukumar OSHA, mai kula da lafiyar ma'aikata a wurin aiki a Amurka, tana neman kariya daga faɗowa ga duk wanda ke kan dandamalin da ya wuce ƙafa 10. Ɗanyen siminti yana ƙona fata in ya daɗe cikin safar hannu ko takalmi, yaro ba zai ji ba sai dare ya cire ya ga fatar ta saɓule. Ga ciwon kafaɗa da baya na shekara da shekaru ana ɗaga kwaɓi. Mutumin da ya hau sama saboda kai ka ce ya hau, hakkinsa ne in ya faɗo a samu mai biyan asibiti da abin da iyalinsa za su ci.

Kiran ma'aikaci mai zaman kansa a baki ba ya sauya komai. Idan kai kake faɗa masa lokacin zuwa, da kayanka yake aiki, kai kake nuna masa bangon da zai shafa, hukuma ma'aikacinka za ta ɗauke shi.

Masu aiki a jihar Niyok suna da ƙarin abin lura. Dokar dandamali ta can, wadda asalinta ya koma 1885, tana ɗora wa mai gini da babban ɗan kwangila alhakin faɗowar ma'aikaci. Yaronka zai karɓi diyyarsa, ya kai su ƙara, su kuma su juyo kanka ta hanyar kwangilar da ka sa wa hannu. Takardu masu arha da yawa sun cire irin wannan ƙara.

Idan na ba wani ɓangaren aikin, ba shi ne da alhakinsa ba?

A gaban mai gida, kai ne. Ka karɓi shaidar inshorarsa kafin ya taɓa cokali, ka sa ya shigar da sunanka cikin takardarsa, ku yi yarjejeniya a rubuce. In ba ka yi ba, a binciken ƙarshen shekara kamfaninka zai lissafa kuɗin da ka biya shi tamkar albashin ma'aikatanka, ya caje ka a kai. Wasu takardun ma sharaɗi ne: in wanda ka ba aiki ba shi da inshora, kariyarka a wannan aikin ta ragu ko ta faɗi.

Babban ɗan kwangila ya ce in sa sunansa a inshorata. Me hakan yake nufi?

Yana so idan aka kai shi ƙara saboda aikinka, kamfaninka ya kare shi. Al'ada ce, ba cuta ba. Shafuka biyu ake amfani da su: CG 20 10 na lokacin da ake cikin aiki, CG 20 37 na bayan an kammala. Yawancin kwangiloli duka biyun suke nema, mai filasta kuma sau da yawa na farkon kawai yake da shi bai sani ba. Ita takardar shaida mai shafi ɗaya, ACORD 25, ba ita ce inshorar ba. A samanta ma an rubuta cewa don sanarwa kawai aka ba da ita, ba ta ba kowa wani hakki. Idan ka yi alkawari a kwangila amma shafin bai shiga takardarka ba, ka saɓa kwangila, kuma wannan saɓawar inshora ba ta biyan ta.

A manyan ayyuka mai gini ya kan sayi inshora ɗaya ta lulluɓe kowa da kowa. In ka shiga irin wannan, ka tambayi shekara nawa take rufe aikin da aka kammala, domin taka takardar galibi ta cire duk aikin da aka yi a ƙarƙashin irin wannan shiri.

Ina da takardar lamuni ta lasisi. Ba ta wadatar ba?

A'a. Lamuni mai gida da hukuma yake karewa, ba kai ba. In kamfanin lamuni ya biya wani saboda kai, zai dawo ya karɓi kuɗinsa a hannunka har ƙwandala. A Kalifoniya, inda masu filasta suke riƙe lasisi mai lamba C-35, lamunin ya koma dala 25,000 daga farkon 2023, adadin da ba zai gyara bangon gida ɗaya da ya ruɓe sosai ba.

Motata da kayan aikina fa?

Inshorar mota ta gida tana iya ƙin biya idan hatsari ya faru motar tana ɗauke da buhunan siminti tana jan injin kwaɓi, don haka motar aiki ta samu tata. In yaranka suna zuwa sayo kaya da motocinsu, akwai ƙarin da yake rufe motar da ba taka ba. Kayan aiki kuwa inshorar alhaki ba ta san da su ba sam. Suna da tasu, mai bin su duk inda suka kwana. Ka rubuta lambar jikin kowane inji, ka ajiye rasit, ka tambaya ko ana biyan kuɗin sabo ne ko na tsoho, ka kuma tabbatar ta haɗa da dandamalin da ka yi haya.

Ta yaya ake lissafa abin da zan biya, kuma me ya sa aka sake cajina a ƙarshen shekara?

Kuɗin farkon shekara ƙiyasi ne. Ana gina shi a kan albashin da kake sa ran biya, ko cinikin da kake sa ran yi, da abin da za ka ba ƙananan 'yan kwangila. Shekara na ƙarewa sai a buɗe littattafanka. In aiki ya fi yadda ka faɗa, ka cika. In ya gaza, ana iya mayar maka. Rage adadi da gangan don a samu sauƙi bashi ne kake tara wa kanka, zai zo a dunƙule.

A diyyar ma'aikata ana caji ne a kan kowace dala 100 ta albashi, bisa lambar sana'a. A jihohin da suke bin tsarin NCCI, ƙungiyar da take tsara waɗannan lambobi, filastar waje tana ƙarƙashin 5022 tare da aikin bulo, filastar ciki kuma 5480. In yaranka suna yin duka biyun, ka riƙa rubuta awannin kowanne daban, in ba haka ba mai bincike zai zuba duka a lamba mafi tsada. Sannan akwai ma'aunin tarihin hatsari na shekara uku, wanda tsakiyarsa 1.0 ne. Ƙasa da haka rangwame, sama da haka ƙari, kuma manyan 'yan kwangila suna duba shi kafin su ba da aiki.

Ƙurar yanka da kankare tsohuwar filasta tana cikin inshora?

Ga yaranka, cutar huhu ta ƙurar yashi tana shiga diyyar ma'aikata. Ga mutanen waje, takardun alhaki da yawa sun cire ta da shafi mai lamba CG 21 96. Tun watan Satumba na 2017 OSHA take aiwatar da iyakar maikurogiram 50 na ƙurar a kowace kubik mita ta iska a wuraren gini. Yanka da ruwa ko da injin zuƙe ƙura ya fi kowace takarda amfani a nan. Tsofaffin gidaje kuma filastarsu tana iya ɗauke da asbesto, fentinsu da dalma, a gwada kafin a fasa.

Kamfanoni uku sun ƙi ni. Ina zan nufa?

Ba kai kaɗai ba ne. Masu filasta da yawa a kasuwar masu ɗaukar manyan haɗurra suke samun takarda, inda irin su Lloyd's ta Landan suke. Halas ɗin doka ce, amma da bambanci biyu. Suna rubuta sharuɗɗansu yadda suka ga dama, don haka karatun togaciya ya ƙara zama dole. Kuma in kamfanin ya karye, asusun ceto na jiha yawanci ba ya rufe su, shi ya sa ake duba darajar da AM Best, mai auna ƙarfin kamfanonin inshora, ta ba kamfani, kwangiloli da yawa ba sa karɓar ƙasa da A-. Ka nemi dillalin da ya saba da magina. In ka ce masa ƙarfen gindin bango ya tsaya yana kallonka, ka gode masa ka nemi wani.

Takardar lauya ta iso, ko mai gida ya kira yana cewa bango yana yoyo. Me zan fara yi?

Ka sanar da kamfaninka a ranar, da duk kamfanonin da ka taɓa riƙe takardarsu tun daga shekarar da ka yi aikin. Jinkirin sanarwa yana iya zama hujjar ƙin biya. Kada ka amsa laifi, kada ka yi alkawarin biya, kada ka je ka fasa bango ka gyara a ɓoye, domin abin da ka kashe da kanka ba tare da izininsu ba ba su mayarwa, kuma ka shafe shaidar da wataƙila ita za ta wanke ka. Wannan ba yana nufin ka juya wa mai gida baya ba. Ka je, ka saurare shi, ka ɗauki hoto, ka gaya masa ka sanar da inshora.

Abin da yake ceton mai filasta a irin wannan rana shi ne hotunan da ya ɗauka kafin ya rufe bango: takardar hana ruwa, faifan kan taga, tazarar ƙusoshin raga, ƙarfen gindi. In ka iso ka tarar mai taga bai yi nasa daidai ba, ka rubuta wa babban ɗan kwangila kafin ka shafa, ka ajiye amsarsa. Da zarar kwaɓi ya hau, babu mai sake ganin abin da ke ƙasa sai ranar da aka zo fasawa.

Zan ajiye sana'ar. In soke inshorar?

Kada ka yi gaggawa. Ko takarda mai bin lokacin ɓarna, ɓarnar da ta auku lokacin da takardar take da rai kawai take biya. In ka soke a bana, ruwa ya fara shiga bangon da ka shafe bara sai baɗi, babu takardar da za ta amsa. Akwai inshora ta musamman ga wanda ya rufe kasuwanci, mai rufe ayyukan baya na wasu shekaru. Ka tambayi farashinta tun kana da takarda a hannu, ka auna ta da wa'adin ƙara na jihar da ka yi ayyukanka, sannan ka haɗa kwangiloli da hotuna da tsofaffin takardun inshora wuri ɗaya, ka nuna wa wani na gida inda suke.